Gwaggona da Cibiyar Maruƙa

Gwaggona, yayar mahaifina, ta sauka gidanmu bayan an gama shuka. Ta zo bisa jaki, da ƙunshin tufafinta da wata 'yar jakar fata da take zuba ƙarafanta na sakiya. Ba wanda ya aika mata. A Kelle ta ji labari cewa gardin kumandan, wato dogarin Baturen mulki, ya bi ƙauyukanmu yana ɗibar maza aikin hanya, kuma Baba na cikin waɗanda aka tasa gaba zuwa Gure. Ta ce ta zo riƙon gida ne, don ba a barin dukiya a hannun yarinya.

Ni ce yarinyar. A lokacin na yi aure, mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gidan Baba. Innata ita ma ba ta daɗe da rasuwa ba, ciwon da ya biyo bayan yunwar da fara ta jawo shi ya tafi da ita. Dukiyar da Gwaggo take magana a kai kuwa shanu ne 'yan kaɗan da suka tsira daga wannan yunwa. Cikinsu akwai wata jar saniya mai karyayyen ƙaho, ta Inna ce, da ita aka kawo ta gidan Baba tana karsana, kuma kowa a garin ya san tawa ce yanzu. Gwaggo kaɗai ce ba ta sani ba. Tun ranar da ta sauka take kiran ta "saniyar gidanmu".

Da safe makiyayin gari yakan kora manyan shanu daji, maruƙa su kwana su wuni a gida. Inna takan kafa musu dangwali, wato doguwar igiyar da ake jera su a kai, a bayan gida bisa wani tudun rairayi da ruwa ba ya kwanciya. Idan wurin ya yi kashi sai ta tuge turakun ta matsa gaba. Gwaggo ba ta kwana biyu ba ta tuge dangwalin ta mayar da shi cikin tsohon garke, jikin ɗakin da take kwana. Ta ce saboda kura. Garken nan kwari ne, kashin shanu na shekara da shekaru ya taru a ciki, ruwan sama ɗaya ya ishe shi ya zama taɓo har idon sawu.

Na ce, "Gwaggo, Inna ba ta ɗaure su a nan da damina."

Ta ce, "Ina Innar take?"



Baƙar saniya ce ta fara haihuwa, cikin garken, da hantsi. Tana cikin lasar ɗanta, shi kuma yana tangaɗi yana neman hantsa, sai ga Gwaggo da ƙwarya. Ta ture shi gefe, ta tsuguna ta tatse dakashin nan mai kauri, nonon farko, har ƙwaryar ta kusa cika. Ta ɗora shi a wuta ya daskare, ta zauna bakin ƙofa ta cinye da yatsa. Ta ce dakashi yana sa maraƙi zawo, gara a rage masa. Inna ba ta taɓa bari a taɓa hantsar saniya ba sai ɗanta ya sha ya ƙoshi kwana da kwanaki. Na san haka, amma na tsaya ina kallo. Maraƙin ya kwanta cikin taɓo da ɗanyar cibiyarsa tana jan ƙasa.

Kafin sati ya zagayo cibiyar ta kumbura kamar ƙwan zabo. Idan na taɓa sai in ji zafi rau, shi kuma ya gantsare baya. Ƙudaje suka same ta. Hancinsa ya bushe, kunnuwansa suka zube, uwar ta dawo daga kiwo tana kiran sa bai ko ɗaga kai ba.

A nan na fara ganin aikin Gwaggo, kuma ba zan yi mata ƙarya ba don na tsane ta: hannunta ya iya. Ta sa na dafa bagaruwa da gishirin mangul har ruwan ya yi ja. Ta sa basilla cikin garwashi. Ni na kayar da maraƙin, na danne wuyansa da gwiwata, na riƙe ƙafar baya. Ta bi kumburin da babban yatsa har ta sami inda ya nuna, ta soka basillar sau ɗaya, ba ta wuce fata ba. Mugunya ta feso da wari irin wanda ke tsayawa a maƙogwaro. Ta matse ta tas, ta wanke ramin da ruwan bagaruwa, ta tura garin taba a ciki saboda tsutsa, ta shafe bakin da man shanu da toka.

Tana wanke hannu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tun ina yarinya ake haihuwar maruƙa a gidan nan, ban taɓa ganin wannan ba. Sai bana."

Na ce, "Bana ce aka ɗaure su a taɓo."

Ta ce, "Bana ce kika dawo."

Kullum safe da yamma haka muke yi, ni in danne, ita ta matse, kawunanmu kusa da juna har ina jin warin tabar bakinta, ba mai ce wa wani sannu. Cibiyar ta fara sacewa. Sai ciwon ya sauka gwiwa. Gwiwar gaba ta dama ta kumbura ta yi tauri, sannan ta hagu, maraƙin ya koma tafiya da ƙyar kamar mai taka ƙaya, daga baya ya daina tashi. Gwaggo ta ce sai lalas. Ta gasa wani ƙarfe mai lanƙwasasshen baki har ya yi ja, ta zagaye kowace gwiwa da shi. Gashi ya ƙone, fata ta yi ƙauri, maraƙin ya yi wani kuka da ban san ɗan sati biyu yana da shi ba. Ni ce na riƙe shi. Bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba. Da muka ga zai tafi, muka kira maƙwabcinmu ya yanka.

Saniya ta biyu ta haihu, aka sake yin yadda aka yi: ƙwarya, wuta, yatsa, taɓo. Wannan ɗan ko gwiwa bai kai ba, cikinsa ya kumbura ya mutu da rana tsaka.

Daga nan magana ta fita gari. Na je rijiya wata safiya na tarar mata sun yi shiru. Wata da muka yi wasan ƙasa tare ta janye guganta daga kusa da nawa. Wata tsohuwa ta ce wa jikarta ta kora awakinsu can gefe. A hanyar dawowa matar maƙwabcinmu ta gaya mini abin da ake faɗa: wai farar ƙafa gare ni. Na shiga gidan miji, miji ya mutu. Na yi jinyar uwata, ta mutu. Na dawo gidan uba, an kama shi, yanzu ga maruƙa suna zubewa. Ta ce daga bakin Gwaggo aka ji, a gidan suna, tana faɗa tana share hawaye.

Na sauke tulu na same ta tana kaɗi a inuwa.

Na ce, "Gwaggo, ni ce nake kashe maruƙa?"

Ta ce, "Ni na ce? Mutane ke da idanu."

Na ce, "To su zo su ga wanda ke cinye dakashinsu."

Ta ajiye mazari a hankali, ta tashi ta mare ni. Tsohuwa ce amma hannunta kamar itace. Ta ce ita ta yi wa ubana wanka yana jariri, ita ta goya shi, ba 'yar macen da aka kawo da saniya ɗaya ce za ta yi mata gorin abinci a gidan ubanta ba. Ban rama ba, ban kuma yi kuka a gabanta ba. Amma daga ranar na daina ci a ƙwarya ɗaya da ita. Nakan dama furata in sha a tsaye a bayan rumbu.

Jar saniya ita ce ta ƙarshe, kuma tsakiyar marka haihuwarta ta zo, lokacin da ruwa ba ya ɗagawa. Da na ga hantsarta ta cika, gindin wutsiyarta ya saki, sai na ce wa makiyayi ya bar mini ita. Na ja ta zuwa tudun rairayin, na kafa turke, na kafa 'yar rumfa da zana. Na bar gona, na bar daka, na zauna da ita. Ta haihu da la'asar, mace, ja kamar uwarta da ɗan fari a goshi. Na bar ta ta lashe ta, na ɗaure cibiyar da zare na tsoma ta cikin ruwan gishiri yadda Inna ke yi, na tallafe ta har ta kama nono.

Tana cikin sha sai ga Gwaggo ta hawo tudun da ƙwarya.

Na miƙe na tsaya tsakaninta da saniyar. Na ce, "Wannan kam a'a."

Ta ce, "Matsa."

Na ce, "Ta uwata ce. Ba za a tatse ta ba."

Ta nemi ta kewaye ni, na kama bakin ƙwaryar. Ta ja, na ja. Ƙwaryar ta tsage gida biyu, rabi a hannunta rabi a nawa. Ta dubi nata rabin, ta jefar, ta ce, "Za ki neme ni." Ta gangara.

Maraƙar ta sha dakashinta har ya ƙare. Ta yi ƙarfi, tana tsalle tana ɗaga wutsiya. Amma ba zan iya zama bisa tudu har abada ba. Ciyawa ta kusa cinye gonar Baba, maƙwabta suka haɗa masa gayya, dole in je in kai musu fura in kama hauya tare da su. Na dawo da yamma na tarar da turke ba komai. Gwaggo ta kwance maraƙar ta kai ta garke, ta ɗaure ta a daidai inda ɗan baƙar saniya ya kwanta yana zubar da mugunya. Ta ce ta ga sawun kura. Na ɗauko ta a kafaɗa, cikinta duk taɓo, na wanke ta na mayar. Washegari na tafi gona, ta sake kwance ta. Haka muka yi ta yi har gayyar ta ƙare, ni in kai tudu, ita ta kai kwari.

Ba a jima ba na shafa cikin maraƙar na ji cibiyar ta yi tauri da zafi.

Na rantse ba zan neme ta ba. Na dafa bagaruwa da mangul da kaina, ina gasa wurin da tsumma safe da yamma. Kumburin bai sauka ba, sai ƙaruwa. Na ari basilla wurin matar maƙwabcinmu, na gasa ta, na kayar da maraƙar. Amma mutum ɗaya ba ya danne maraƙi ya kuma yi masa sakiya. Ga shi ban san iyakar inda zan soka ba, na kuwa ji ana cewa idan ƙarfe ya zarce ya taɓa hanji, shi ke nan. Na roƙi maƙwabcinmu ya riƙe mini, ya ce ba ya shiga tsakanin mutum da gwaggonsa. Ina tsugune da basilla tana hucewa a hannuna, sai na ga inuwarta a kaina.

Ta ce, "Wannan basillar ɗinkin buhu ce. Ajiye."

Ta riga ta zo da tata cikin kasko da garwashi. Ban ce ta yi ba, ban ce ta bari ba. Na danne wuyan maraƙar na riƙe ƙafa. Ta laluba, ta soka, ta matse. Mugunyar ba ta kai ta ɗan baƙar saniya yawa ba. Tana tura garin taba tana magana da maraƙar cikin wata murya mai laushi da ban taɓa jin ta yi wa mutum ba: "Yi haƙuri 'yar gidanmu, yi haƙuri tawa."

Na ce, "Ba taki ba ce."

Ta ce, "Riƙe ƙafa da kyau."

Cibiyar ta warke. Amma gwiwar baya ta hagu ta ɗan tasa, maraƙar ta fara ɗingishi. Gwaggo ta ce lalas. Na ce ba za a ƙona ta ba, na ga abin da wuta ta yi wa na farko. Ta ce na farko an makara ne, saboda taurin kaina. Na ci gaba da gasa gwiwar da ruwan ɗumi, ina shafa man shanu, ina kai ta wurin uwarta ta sha har ta ture da kanta, ko ɗigo ban tatsa ba. Na ga kamar kumburin yana raguwa. Ranar kasuwa na tafi sayo mangul don namu ya ƙare. Kafin in dawo Gwaggo ta kira wani ɗan'uwan mijinta da ya biyo ta garin, ya danne mata maraƙar, ta zagaye gwiwar da wuta. Tun daga bakin gari na jiyo jar saniya tana kuka. Na tarar da maraƙar kwance tana rawar jiki, ƙudaje sun rufe ƙunar.

Ranar na faɗa wa Gwaggo maganganun da ba a faɗa wa babba. Na ce mata mayunwaciya, na ce ko 'ya'yan da ta haifa sun gudu sun bar ta ne saboda halinta. Ta ce mini juya, mai farar ƙafa, wadda ta cinye miji da uwa. Maƙwabta suka taru a bakin darni suna ba mu haƙuri, ba wanda ya shigo.

Maraƙar ta tashi. Ƙunar ta ɗauki lokaci kafin ta bushe, ni na yi jinyarta, ina kore ƙuda ina wankewa. Gwiwar ta sace amma ta sandare, ba ta lanƙwasuwa sosai, tana jan ƙafar idan tana tafiya. Gwaggo ta bi gari tana cewa wutarta ce ta tashe ta. Ni na san dakashin da ta sha ne da rairayin da ta kwanta a kai, kuma da ba a ƙona ta ba da ba ta gurgunce ba. Har yau ba wanda ya raba mana wannan gardama.

Baba ya dawo ana yankan hatsi. Ya rame, tafin ƙafarsa duk ya tsage, yana tari. Ya zauna bisa tabarma, Gwaggo ta rigaye ni, ta zayyana masa nata tana kuka. Da ta gama na durƙusa na faɗi nawa: taɓon, dakashin, maganar rijiya, wutar da aka sa wa maraƙata ba na nan. Ya saurara kansa a ƙasa. Baba ba ya kiran sunana, ni ce 'yar fari.

Ya ce, "Ke, Yaya ce fa. Ita ta raine ni."

Na ce, "Baba, maruƙa biyu sun mutu."

Ya ce, "Kwanansu ne ya ƙare. Ki ba ta haƙuri."

Na juya wajenta na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri," don shi ya ce. Ta ce Allah ya shirye ni.

Washegari da sassafe na ga Baba da kansa yana tuge turakun dangwali daga garke yana kai su tudu. Gwaggo ta yi kamar ba ta gani ba. Na ɗauka ke nan ya gane, kuma abin ya wuce.

Sai da aka gama ɗaure hatsi aka zuba a rumbu Gwaggo ta ce za ta koma Kelle. Ta ce ta bar gidanta damina guda tana wahala da dukiyar ƙaninta, ba ta roƙi komai ba, amma gurguwar maraƙar nan da ta ceto da hannunta, ita take so. Ta ce tana da saniyar da ɗanta ya mutu, za ta haɗa su. Ina daga bayan rumbu ina ji. Na jira Baba ya ce ba tasa ba ce balle ya bayar. Ya yi tari, sannan ya ce, "To, Yaya."

Na fito na ce, "Baba, ta Inna ce. Ba ta ma isa yaye ba."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Uwar tana nan, za ta haifa miki wata."

Da safe aka ɗaura wa maraƙar igiya a wuya, aka ƙulla a jikin jakin Gwaggo. Jakin na tafiya, ita tana binsa tana jan ƙafa tana waiwaye. Jar saniya ta tsinke igiyarta ta bi su har bakin tafki, sai da maza suka taro ta. Mutanen gida da maƙwabta suka raka Gwaggo zuwa bayan gari. Ni ina tsakar gida ina daka, ban ajiye taɓarya ba. Da ta zo wucewa ta ce, "Ke, ba sallama?" Na ce, "Allah ya kiyaye hanya," ina ci gaba da dakana.

Jar saniya ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. Ta ƙi sakin nono ga kowa, ba a daɗe ba hantsar ta ƙafe. Maraƙar kuwa, wani mai jaki da ke zuwa Kelle ya gaya mini saniyar Gwaggo ta ƙi karɓar ta, tana harbin ta, aka riƙa ba ta ƙasari da dusa. Ta rayu a tsamure. Kafin wata damina Gwaggo ta ba mahauta ita.

Na yi wa Baba jinyar tarinsa har ya sami sauƙi, ina dafa masa abinci, ina gaishe shi safe da yamma, amma hira ta ƙare tsakaninmu. Da wani mutumin Gamu ya nemi aurena, wanda maganar farar ƙafa ba ta dame shi ba, na amsa. Na tafi da jar saniya a gabana, ban tambayi kowa ba, ba kuma wanda ya hana.

Gwaggo ta yi tsawon rai. Mun haɗu a bukukuwa da wuraren rasuwa, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. Da aka aiko mini ta rasu, ina tsakiyar shanyar kuɓewa. Mijina ya ce in shirya mu tafi. Na ce ya je ya yi wa Baba gaisuwa a madadina, ni ba ni da wanda zan bar wa shanu.